Yadda Za Ka Bi Sawun Kakanka da Ya Yi Aikin Sojan Sama a Yaƙin Duniya na Biyu, Har Ka Kai ga Jirgin da Bai Dawo Ba

A Kano da Maiduguri, da zangon Hausawa na Takoradi, akwai gidajen da za ka ji ana cewa, "Ai kakanmu ya yi aikin jirgin sama zamanin yaƙin Hitila." In ka ce to a ina, da wace runduna, sai a yi shiru. A wani gidan abin ya fi haka ciwo: an ce ya hau jirgi, jirgin bai sauka inda ake jiransa ba, iyakar abin da aka sani ke nan. Yaƙin ya ƙare tun 1945, waɗanda suka gan shi da idonsu saura ƙalilan, amma takardu suna nan. Rundunar sojin sama ta Birtaniya, RAF, ta buɗe wa kowane ma'aikacinta takarda, kowane jirgi yana da katinsa, kowane rukunin jirage kuma yana da littafin da ake cikawa kullum. Mai haƙuri yana iya tashi daga suna ɗaya ya kai ga lambar jirgi da ranar da ya tashi, wani lokaci har da mintin da ya bar ƙasa.

Ya kamata ka fara sanin abin da ya kawo wannan yaƙi sararin samaniyarmu, domin shi zai nuna maka inda za ka leƙa. A 1940 Faransa ta faɗa hannun Jamus, Italiya ta shiga yaƙi, tekun Bahar Rum ya zama tarko ga jiragen ruwan Ingila. Sai aka riƙa kawo jiragen yaƙi cikin manyan akwatunan katako zuwa tashar Takoradi a Ghana ta yau, a harhaɗa su a can, su tashi zuwa Legas, su yada zango a Kano, su wuce Maiduguri, su ratsa Chadi ta Fort Lamy, wato Njamena, su shiga Sudan ta El Geneina da El Fasher har Khartoum, sannan su bi Kogin Nilu zuwa Masar. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba na 1940, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage sama da 5,000 sun bi wannan hanya. Yawanci jirgi mai inji biyu irin Blenheim ne ke jan gaba da mai duba hanya a ciki, ƙananan jirage masu mutum ɗaya irin Hurricane suna biye da shi kamar 'yan tsaki. Idan hazon hunturu ya rufe, ko inji ya shaƙi rairayi, na baya yana iya ɓacewa daga ayari, a ƙarƙashinsa kuwa daji ne ko hamada.

Mataki na farko: adakar gida da bakin tsofaffi

Kada ka taɓa intanet tukuna. Nemi izinin babban gida a buɗe adaka ko akwatin ƙarfen da aka ajiye kayan mamacin. Abin da kake nema guda ɗaya ne ya fi komai: lambar aikinsa. Suna yana canzawa daga takarda zuwa takarda, lamba ba ta canzawa. Za ka same ta a takardar sallama, littafin albashi, takardar fansho, bayan hoto, ko kan ambulan wasiƙa. Idan yana cikin masu tashi da jirgi, duba ko akwai littafin da yake rubuta kowace tafiya da hannunsa. Wannan littafi na mutum ne, ba na ofis ba, kuma yawancin waɗanda iyalai ba su karɓa ba gwamnati ta lalata su a 1960, saboda haka in kun same shi ku riƙe shi da kyau. Ɗauki hoton kowane shafi, gaba da baya, kafin ka fitar da komai daga gida.

Lambobin yabo suna da amfani, amma ka sani cewa na yaƙi na biyu da Birtaniya ta raba ba a rubuta sunan mai su a jiki ba. Abin da suke faɗa maka shi ne fagen da aka yi aiki: tauraron Afirka, tauraron Bama, ko tauraron masu tashi a kan Turai.

Sannan ka zauna da tsofaffi, musamman mata, don su suka fi riƙe ƙananan abubuwa. Kada ka ce, "Goggo, ba ni labarin yaƙi." Za ta ce ita me ta sani. Ce mata, "Goggo, lokacin da Baba ya tafi, an haife ki? Wane sarki ne a kan gado? Da damina ya tafi ko da rani? In ya zo hutu da wane abokinsa yake zuwa? Wa ya kawo labarin rasuwarsa, ɗan doka ko ma'aikacin gidan waya?" Irin waɗannan tambayoyi ne ke fito da shekara da wuri. Naɗi muryarta a waya, da saninta. A littafinka kuma ka raba shafi biyu tun yau: gefe ɗaya abin da aka faɗa maka da wanda ya faɗa, ɗaya gefen abin da ka gani a rubuce da inda ka gan shi. In ka bari suka cakuɗe, bayan wata shida ba za ka iya raba su ba.

Mataki na biyu: wane irin "aikin jirgi" ya yi?

A nan mutane suka fi ɓata lokaci, don haka zan daɗe a kai. Kalmar "aikin jirgin sama" a bakin iyali tana iya nufin abu huɗu, kuma kowanne takardunsa suna wani wuri dabam.

Akwai waɗanda suka shiga RAF kanta suka tashi da jirage. 'Yan Afirka ta Yamma da suka samu wannan dama ba su wuce 'yan gomomi ba, domin hukumomin mulkin mallaka ba su so. Cikinsu akwai Peter Thomas, ɗan Legas, wanda ya zama matuƙi kuma hafsa, ya rasu a haɗarin jirgi a duwatsun Wales a Janairun 1945. Akwai Johnny Smythe na Saliyo, mai duba hanya, wanda aka harbo jirginsu a kan Jamus a Nuwamban 1943, ya zauna a sansanin fursunoni har ƙarshen yaƙi. In naka yana cikin wannan rukuni, aikinka zai yi sauƙi, takardunsa suna Ingila daidai da na kowane Bature.

Akwai kuma 'yan West African Air Corps, rundunar taimako da aka kafa a nan gida, wadda mutum sama da 5,000 suka shiga daga Nijeriya da Ghana da Saliyo da Gambiya. Aikinsu a ƙasa yake, a filayen jirage. Sai farar hula da aka ɗauka aikin share fili, gini, dakon gangunan mai, girki da gadi, wasu ma a ƙarƙashin kamfanin Pan American da sojojin Amurka waɗanda suka shigo hanyar daga 1941. Waɗannan da wuya ka samu takarda mai sunansu ɗaya ɗaya, sai dai ka gina labarinsu daga littafin tashar da suka yi aiki.

Na huɗu shi ne ya fi yawa a gidajen Hausawa: sojan ƙasa ne na rundunar RWAFF, wato sojojin Birtaniya na Afirka ta Yamma, da ya je Bama. Runduna ta 81 da ta yi yaƙi a kwarin Kaladan na Bama ta sama ake jefo mata abinci da harsashi ɗaure da laimar sauka, kuma birged ta 3 ta 'yan Nijeriya ta yi aiki da dakarun Chindit a 1944, waɗanda jirage ke kai su bayan abokan gaba suna kwaso masu rauni. Tsohon da ya ga wannan, labarin jirgi ba zai bar bakinsa ba, jikoki kuwa su ɗauka sojan sama ne. Duba lambarsa: in ta fara da NA sojan ƙasa ne daga Nijeriya, in GC ce daga Ghana. Kada launin kaki ya ruɗe ka, don 'yan RAF ma kaki suke sawa a ƙasashen zafi. In ya tabbata sojan ƙasa ne, littattafan rundunarsa suna cikin jerin WO 172 na kudu maso gabashin Asiya da WO 173 na Afirka ta Yamma, a gidan adana takardun Birtaniya da ke Kew a Landan.

Mataki na uku: jerin mamata

In ya rasu a bakin aiki, shiga shafin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Commonwealth, wadda ake taƙaitawa CWGC. Bincike kyauta ne, kuma ta ƙunshi waɗanda suka mutu daga 3 ga Satumba 1939 zuwa 31 ga Disamba 1947. Fara da lamba. In babu lamba, gwada suna ta kowace fuska, domin akawun Turawa yadda kunnensa ya ji yake rubutawa, kuma sau da yawa sunan gari ne ke zama sunan uba. Audu yana iya fitowa Abdu ko Awudu, Garba ya zama Garuba, Umaru ya zama Omaru ko Umoru, Muhammadu ya zama Mamadu ko Momodu, Ibrahim ya zama Braima.

Wanda aka samu gawarsa za a nuna maka maƙabarta da lambar kabari, kamar Yaba a Legas, Christiansborg a Akra, Takoradi, ko maƙabartar yaƙi ta Khartoum. Wanda ba a samu ba, sunansa yana jikin bangon tunawa, kuma bangon kansa alama ce. Runnymede a Ingila yana ɗauke da sunaye sama da 20,000 na sojojin sama da suka ɓace daga sansanonin Birtaniya da arewa maso yammacin Turai. Wanda ya tashi daga Afirka ta Yamma ya ɓace, a Malta za ka same shi. Na Sudan da Masar da Libiya suna Alamein, na Indiya da Bama suna Singapore.

Abu biyu za ka kwafa: ranar mutuwa da lambar rukuninsa. Sannan ka yi wata dabara: share sunan, ka bar ranar da lambar rukuni kawai, ka sake nema. Sunayen da suka fito tare da nasa galibi abokan jirginsa ne. Babban jirgin jefa bom irin Lancaster mutum bakwai yake ɗauka, Blenheim uku. Wani daga cikin iyalansu yana iya riga ka yin wannan bincike da shekara ashirin.

Rashin samun suna ba ya ƙaryata labarin gidanku. A 2021 hukumar da kanta ta amsa cewa ba a yi wa dubban 'yan Afirka adalci wajen rubuta sunayensu ba, musamman na yaƙin duniya na farko.

Mataki na huɗu: takardar aikinsa

Wanda ya shiga RAF kai tsaye, ana neman takardarsa daga Ma'aikatar Tsaron Birtaniya ta shafin gov.uk. Za a nemi cikakken suna, ranar haihuwa, lambar aiki, da takardar shaidar mutuwa in ba a bakin aiki ya rasu ba. In bai kai shekara 25 da rasuwa ba, ba za a ba ka komai da komai ba sai da yardar magajinsa mafi kusa. Amsa tana ɗaukar watanni, ka aika da wuri ka ci gaba da sauran aiki.

Abin da zai zo maka takarda ce mai shafi ɗaya ko biyu, Form 543 ga ƙananan ma'aikata, Form 1406 ga hafsoshi, cike da gajerun haruffa da rubutun hannu iri iri. Ba za ka ga labarin yaƙi a ciki ba. Jerin wurare ne da ranaku: ranar da aka tura shi wuri kaza, ranar da aka ƙara masa girma, ranar da ya kwanta asibiti. Kwafe shi layi layi bisa tsarin ranaku. OTU makarantar horon ƙarshe ce kafin fita fage, MU wurin gyara da ajiyar jirage, Sqn kuma shi ne rukunin yaƙi. In an ba shi muƙamin hafsa ko babbar lambar yabo, za ka ga sanarwar a London Gazette, jaridar sanarwar gwamnatin Birtaniya, wadda ake karantawa kyauta.

Waɗanda aka ɗauka a nan gida kuwa, a nan ya kamata a fara nema. Je gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna ka nemi fayilolin lardi na shekarun yaƙi, masu maganar filayen jirage, ɗaukar ma'aikata da sallamar sojoji. Leƙa Arewa House, ka duba tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939. Tambayi ofishin 'yan mazan jiya na jiharku. A Ghana hukumar adana takardun tarihi, PRAAD, ce a Akra.

Mataki na biyar: littafin rukuni

Yanzu kana da rukuni da rana, ka iso inda naman yake. Gidan adana takardun Birtaniya da ke Kew a Landan yana da kundin bincike a intanet mai suna Discovery. Jerin AIR 27 shi ne littattafan rukunonin jirage, kuma ana iya sauke su wata wata ba sai ka je Landan ba. Kowane wata yana da kashi biyu. Form 540 taƙaitaccen labarin kowace rana ne: yanayi, wanda ya zo, wanda aka canja, abin da ya faru. Form 541 shi ne filla-filla: irin jirgi da lambarsa, sunayen mutanen ciki, aikin da aka tura su, lokacin tashi da lokacin sauka. A layin jirgin da ya ɓace, gurbin lokacin sauka fanko yake, a gefe kuma an rubuta "failed to return", wato bai dawo ba, ko a ce ba a sake jin ɗuriyarsa ba tun tashinsa. Duk wanda ya kai wannan layi a kan ɗan'uwansa, ina ba shi shawara kada ya karanta shi kaɗai cikin dare.

Kada ka tsaya a ranar kawai. Sauke watan da ya gabata da wanda ya biyo baya. A na baya za ka ga tafiye-tafiyen da ya yi da mutanen da ya saba tashi da su, a na gaba wani lokaci ana ƙara labarin da ya iso daga baya. Ka kula da tarkon dare: jirgin da ya tashi ranar 18 da dare ya faɗi bayan sha biyu, wata takarda za ta ce 18, wata ta ce 19, duk daidai ne. Agogon Ingila da na Jamus ma ba koyaushe suke tafiya tare ba.

Jiragen hanyar Takoradi suna da wani bambanci. Lokacin da suke ratsa Kano ba a riga an miƙa su ga rukunin yaƙi ba, don haka ba za ka gan su a AIR 27 ba. Nemi littattafan tashoshi a AIR 28 da na ƙananan sassa a AIR 29, ka rubuta Takoradi, Ikeja, Kano ko Maiduguri. Yawancin waɗannan sai an je Kew, ko a biya a ɗauko maka hotonsu, ko ka roƙi ɗan'uwa da ke karatu a Ingila ya je. Katin shiga ɗakin karatu kyauta ne, ana kuma barin mutum ya ɗauki hoto da wayarsa.

Mataki na shida: jirgin kansa

Jirgin RAF yana da lamba iri biyu, kada ka haɗa su. Manyan haruffan da ke gefensa, biyu na rukuni ɗaya nasa, kamar rigar aro suke: in ya faɗi yau, gobe a shafa wa sabon jirgi. Ƙaramar lambar da ke kusa da wutsiya, harafi ɗaya da lambobi huɗu ko haruffa biyu da lambobi uku, ita ce tasa shi kaɗai har abada. Ita za ka nema.

Da ita sai ka rubuta wa gidan tarihin RAF da ke Hendon. Suna da kwafin Form 78, katin da ke nuna ranar da aka karɓi jirgi daga masana'anta da duk hannun da ya bi har ranar da aka soke shi daga lissafi. Suna kuma da Form 1180, katin haɗari, ga jirgin da ya faɗi ba da harbin abokan gaba ba. Wannan shi ya fi dacewa da jiragen da suka faɗi a ƙasashenmu, domin yana faɗin wuri, da awannin da matuƙi ya taɓa yi a sama, da abin da masu bincike suka ɗora wa laifi. Wasiƙarka ta zama gajera: irin jirgi, lamba, rana, sunan matuƙi.

Sai jerin AIR 81 a Kew, fayilolin waɗanda suka mutu ko suka ɓace, waɗanda ake saki kashi kashi tun daga na 1939. Ko bayanin da ke kundin kaɗai yakan ba ka sunaye da lambar jirgi da rana. A cikin fayil ɗin akwai wayar farko da ta kai labari, wasiƙun da aka yi da iyali, da rahoton jami'an da suka bi ƙauyuka da maƙabartu bayan yaƙi suna neman waɗanda suka ɓace. In a Turai jirgin ya faɗi, koma shafin CWGC ka duba takardun da ke ƙasan sunansa. Sau da yawa suna nuna inda aka fara binne shi kafin a mayar da shi babbar maƙabarta, wurin nan kuwa bai cika nisa da inda jirgin ya faɗi ba. Cibiyar tunawa da rundunar jefa bom da ke Lincoln ita ma tana da kundin mamatanta a intanet, rundunar da ta rasa mutum 55,573.

In an kama shi fursuna, duba WO 416, katunan da Jamusawa suka rubuta, da WO 344, tambayoyin da fursunoni suka amsa bayan an 'yanto su. Ƙungiyar Red Cross a Geneva ma tana amsa tambaya, sai dai ƙofar takan buɗe ne lokaci lokaci. In jirgin na Amurka ne, nemi rahoton ɓacewar ma'aikatan jirgi da suke kira MACR, wanda aka fara rubutawa a 1943, ka kuma sani gobarar 1973 a St. Louis ta cinye miliyoyin takardun sojojinsu.

Shafukan da masu sha'awar jirage suka tara bayanai suna da amfani wajen samun bakin zare, amma kuskure ɗaya yakan yawata shafi goma don kowa daga ɗan'uwansa ya kwafa. Duk abin da ka gani a can, ka bi shi har takardar asali kafin ka sa shi a gefen "na gani a rubuce".

In an ce ga tarkacen jirgi

Hamada tana ajiye abu. A 2012 aka ci karo da jirgin Kittyhawk mai lamba ET574 a yammacin hamadar Masar, kusan cikakke, shekara 70 bayan ya ɓace da matuƙinsa Dennis Copping a watan Yuni na 1942. Ƙaramar lambar nan ce ta haɗa ƙarfen da sunan mutum. Idan tsofaffin wani ƙauye suka nuna maka wurin da jirgi ya faɗi zamanin Turawa, fara gaida dagaci ka faɗi abin da ya kawo ka. Kada ka haƙa, kada ka ɗauki komai: wurin yana iya zama kabari, harsashi da bom kuma ba sa tsufa. Ɗauki hoto, musamman na duk ƙarfen da ke da lamba, ka ajiye alamar wurin da taswirar wayarka, ka rubuta abin da tsofaffi suka ce, sannan ka sanar da hukuma. Sashen Ma'aikatar Tsaron Birtaniya mai suna JCCC, a Gloucester, shi ke kula da gawarwakin da aka gano na tsofaffin yaƙe-yaƙe.

In binciken ya nuna an rubuta sunan kakanka ba daidai ba a kan dutse, ko ya rasu a bakin aiki tsakanin 1939 da 1947 amma babu shi a jeri, CWGC tana karɓar buƙatar gyara. Hujja a rubuce suke so, don haka ka haɗa hoton takardar da ke da lambarsa, da wadda ke nuna ranar rasuwa, da lambar kowane fayil da ka ciro bayani daga ciki, ka aika musu kwafi, na asali kuma su koma adaka.